Yadda Ake Dasa da Renon Furen Ƙararrawa na Duwatsun Alps a Lambun Gida

Tsiron da masana ke kira Campanula cochleariifolia yana cikin mafi ƙanƙanta a dangin furen ƙararrawa, dangin da ke da nau'o'i sama da 400. Tsayinsa ba ya wuce santimita 10 zuwa 15 ko da yana cikin fure, ganyensa na ƙasa ƙanana ne masu zagaye da ɗan tsage-tsage a baki, furensa kuma shuɗi ne mai haske, girmansa bai fi kan ɗan yatsa ba, yana rataye da baki a ƙasa a kan siririn kara. Asalinsa manyan duwatsun Turai ne, wato Pyrenees da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, da Alps, da Carpathian, da wasu duwatsun yankin Balkan, inda ake samunsa har zuwa tsayin mita 3,000 ko kusa da haka. Masanin tsirrai ɗan Faransa, Lamarck, shi ne ya ba shi wannan suna a shekarar 1785, amma har yau wasu masu sayar da dashe suna rubuta tsohon sunansa, Campanula pusilla, don haka duk wanda ya ci karo da sunan a jikin tukunya ya san abu ɗaya ne.

Wannan jagora ta fi amfani ga mai lambu a ƙasar da ake yin hunturu na gaske, kamar Birtaniya da Jamus da Kanada da arewacin Amurka, domin tsiron yana bukatar watannin sanyi da zai huta kafin ya sake toho. Zafin Maris da Afrilu irin na Kano ko Maraɗi ba zai bar shi ya rayu ba. Watannin da za a ambata a nan duk na arewacin duniya ne.

Abin da mazauninsa na asali yake koyarwa

Kafin a taɓa ƙasa, ya kamata a san inda tsiron yake zama idan babu mai kula da shi, domin duk matakan da za su biyo baya daga nan suka samo asali. A kan dutse, wurin zamansa shi ne tarin tsakuwar da ta zubo daga jikin duwatsun farar ƙasa, da tsagar dutse, da bakin koguna inda ruwa ya tara tsakuwa. Har ma kogunan da ke gangarowa daga Alps sukan kwaso irinsa su sauke shi a ƙasa can nesa da dutsen, ya kama a kan tsakuwar gaɓa. A irin wannan wuri taki kaɗan ne ƙwarai, ruwa ba ya kwanciya ko na sa'a ɗaya, amma kuma ƙarƙashin tsakuwar kullum akwai sanyi da danshi, saboda dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga sama tana bi ta ƙarƙashi. A cikin hunturu kuwa dusar ƙanƙara takan lulluɓe shi na tsawon watanni, kuma a ƙarƙashinta tsiron yana zama a bushe, ba ya jiƙa.

Saboda haka yawancin waɗanda suke rasa shi a lambu ba sakaci ne yake jawo musu ba, yawan hidima ne: ƙasa mai maiƙo, taki da yawa, da ban ruwa kullum. Wuyansa, wato inda kara ya haɗu da saiwa, yana son bushewa, saiwarsa tana son sanyi da ɗan danshi, kuma aikin mai lambu shi ne ya haɗa waɗannan biyun a wuri guda.

Akwai hali na biyu da dole a sani. Tsiron ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Yana fitar da siraran saiwoyi farare da ke rarrafe a ƙarƙashin tsakuwa, kamar yadda kiri-kiri yake yi a gona, sai ya ɓullo a wani wuri da sabon toho, tsakiyar tsohon wurin kuma ta riƙa mutuwa bayan shekara biyu ko uku. Ba cuta ba ce, tafiyarsa ce haka. Wanda ya fahimci wannan zai ba shi fili, kuma ba zai ɗora masa laifi ba idan ya bar inda aka dasa shi.

Zaɓen wuri

A nemi wurin da rana take samu aƙalla rabin yini. A ƙasashe masu sanyin yanayi kamar Sikotilan da arewacin Ingila yana jure rana tun safe har yamma, amma inda Yuli da Agusta suke da zafi sosai gara a ba shi gefen da ke samun ranar safe, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. Kada a sa shi a ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye, domin jiƙaƙƙen ganye idan ya kwanta a kansa a watan Nuwamba yakan ruɓar da shi. Wuri mai ɗan gangare ya fi shimfiɗaɗɗe.

Daga nan sai a gwada yadda ƙasar take shan ruwa. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a koma bayan 'yan sa'o'i. Idan ruwan ya tsotse, ana iya gyara ƙasar a dasa a nan. Idan har yana nan tsaye, to ƙasar laka ce, kuma haƙa rami a cika shi da tsakuwa ba zai magance komai ba, domin ramin zai zama matattarar ruwan da ke kewaye da shi. A irin wannan hali mafita ita ce a ɗaga wurin dashen sama da ƙasa da santimita 30 zuwa 40, a tokare gefensa da duwatsu ko bulo, ko kuma a koma ga komin dutse da za a yi bayaninsa nan gaba.

Haɗa ƙasa

Haɗin da ya fi dacewa shi ne kashi biyu na ƙananan tsakuwa, kashi ɗaya na ƙasar lambu mai laushi, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da aka tankaɗe. Tsakuwar ta kasance mai kaifi-kaifi, girman milimita 4 zuwa 10, ba mai santsi ba, domin mai kaifi ce take barin ƙofofin iska a tsakaninta. A guji lallausan yashin gini, saboda yana toshe waɗannan ƙofofi, idan ya haɗu da laka kuma yana ƙanƙarewa. Wanda yake Birtaniya kuma ba shi da ƙasar lambu mai kyau yana iya sayen haɗin ƙasar tukunya da ake kira John Innes No. 2 ya gauraya shi da tsakuwa rabi da rabi. Tsakuwar dutsen farar ƙasa ta fi kusa da abin da tsiron ya saba, sai dai ba ya tsanantawa a kan wannan. Ƙasa mai tsami sosai ce kawai ba ya so, ita ma ana gyara ta da ɗan garin farar ƙasa.

Ana gane haɗin ya yi idan aka damƙi jiƙaƙƙensa a hannu aka saki ya warwatse. Idan ya dunƙule ya riƙe siffar hannu, a ƙara tsakuwa. Kada a sa kashin shanu ko na kaji ko kaɗan. Kuma kafin a zuba haɗin, a tsince saiwar duk wata ciyawa mai daɗewa da ke wurin, domin idan ta shiga cikin saiwoyin wannan tsiro ba a iya raba su sai an tone komai.

Idan za a jera duwatsu, a binne kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse, a ɗan karkata shi baya yadda ruwan sama zai gangara zuwa saiwa. Akwai kuma salon da masu lambun ƙasar Czech suka yi suna da shi, inda ake tsayar da fale-falen duwatsu a gefensu, kusa da juna, a bar tsaga mai faɗin santimita 2 zuwa 3 a cika ta da haɗin ƙasa. A ganina babu salon da ya fi wannan dacewa da furen ƙararrawa, domin saiwoyinsa suna bin tsagar su gangara zuwa sanyi, furen kuma ya fito a jere a kan layin dutse. Game da dutsen kansa, a saya daga mahaƙar da ke da izini. A Birtaniya shimfiɗaɗɗun duwatsun farar ƙasa da ruwa ya sassaƙa suna ƙarƙashin kariyar doka, kuma ɗebo su laifi ne.

Dasawa

Lokaci mafi kyau shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, ko kuma farkon Satumba inda hunturu ba ya saurin shigowa. A wajen saye a zaɓi dashen da ke cikin ƙaramar tukunya, mai ganye a dunƙule da toho a gefe-gefe, a bar wanda aka tilasta wa fure a ɗakin gilashi har ya yi tsawo. Ba a tono shi daga daji; ban da cewa an hana a wurare da yawa na Alps, dashen da aka raina a lambu ya fi saurin kamawa.

A jiƙa tukunyar sosai awa ɗaya kafin dasawa. Bayan an zare tsiron, a duba ƙasar da ya zo da ita. Yawancin masu sayarwa suna rainonsa a cikin ƙasa mai kama da soso wadda take riƙe ruwa, kuma idan aka binne ta yadda take a cikin tsakuwa, za ta riƙa jiƙewa a hunturu ta ruɓar da wuyan tsiron, a lokacin zafi kuma ta bushe ƙarau ta ƙi shan ruwa. Don haka a kakkaɓe mafi yawanta da yatsu a hankali, ko a ɗauraye saiwar a cikin bokitin ruwa. Wannan ƙaramin aiki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba dashen da zai shekara biyar da wanda zai mutu a hunturun farko.

A haƙa rami mai zurfin da saiwar za ta miƙe tsaye ba tare da ta lanƙwashe ba, a riƙe tsiron yadda wuyansa zai ɗan ɗara saman ƙasa da santimita 2, a cika ramin, a danna da yatsu ba da ƙafa ba. Sai a zuba tsakuwa zalla mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a kewaye, a tura ta har ƙarƙashin ganyen, ta yadda ganye da wuya suna kan tsakuwa, ba sa taɓa ƙasa. Tsakanin tsiro da tsiro a bar santimita 25 zuwa 30; wurin zai yi kamar fanko a shekarar farko, amma a ta biyu za su haɗe. A ƙarshe a ba shi ruwa sosai sau ɗaya.

A tsagar katanga da tsakanin duwatsun daɓe

Inda tsiron ya fi nuna kyansa shi ne katangar dutse da aka jera ba siminti, da bakin matakala, da tsakanin fale-falen daɓen tsakar gida. A nan babban dashe ba ya shiga, sai a tsinko ƙaramin yanki mai saiwa da toho biyu ko uku, a tura ɗan jiƙaƙƙen haɗin ƙasa cikin tsagar da sanda, a sa saiwar, a ƙara ƙasa, sannan a toshe bakin da ƙaramin dutse don kada ruwan sama ya wanke ta. Makonni uku ko huɗu na farko a riƙa fesa masa ruwa da yamma. A daɓe kuwa a zaɓi gefen da ba a takawa sosai, domin karansa siriri ne, ba ya jure sawu.

A cikin komin dutse ko tukunya

Wanda ba shi da fili sai baranda yana iya rainonsa a komin dutse ko tukunyar yumɓu mai faɗi, mai zurfin santimita 20 ko fiye, mai babbar huda a ƙasa. A rufe hudar da ɗan ragar waya, a cika da haɗin da aka ambata, a ɗora komin a kan bulo biyu don ruwa ya sami mafita. Abin lura a nan shi ne maƙwabta. Yana zama lafiya da tsirrai masu ƙarfi irin su Sempervivum da Dianthus alpinus da nau'o'in Saxifraga masu azurfa-azurfan ganye, amma idan aka haɗa shi da masu jinkirin girma irin su Androsace, cikin shekara biyu zai ratsa ta tsakiyarsu ya shaƙe su. A ƙaramin komi gara a ba shi shi kaɗai, ko a tsare shi a kusurwa ɗaya da faifan dutse da aka binne har ƙasa.

Ban ruwa, taki da aski

A shekarar farko a ba shi ruwa duk lokacin da aka tura yatsa ƙarƙashin tsakuwa aka ji ƙasar ta bushe. Ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya fi yayyafi kullum, domin shi ne yake jan saiwa zuwa ƙasa. Bayan ya kafu, na cikin lambu ba ya bukatar ruwa sai an yi fari na makonni, na cikin tukunya kuwa yana bukata a kai a kai daga Mayu zuwa Agusta, kuma bai kamata a bar shi ya bushe gaba ɗaya ba.

Taki kusan ba a bukatarsa. Na cikin tukunya ana iya ba shi takin ruwa irin na tumatir, a tsarma shi zuwa rabin ƙarfinsa, sau ɗaya ko biyu kafin fure. Idan aka wuce haka ganye zai yi yawa, kara ya yi laushi ya kwanta, fure ya ragu.

Furen yana fitowa daga Yuni zuwa Agusta, kuma ƙudan zuma suna zuwa masa sosai. Tsinke busassun furanni ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne a tsiro mai furanni da yawa haka; idan mafi yawansu sun bushe, a sa almakashi a aske karan duka har kusa da ganyen ƙasa, sau da yawa yakan sake ɗan fure a Satumba. Wanda yake son iri ya bar 'yan karare su nuna.

Abokan gaba

Babban maƙiyinsa shi ne dodon koɗi, musamman marar kwanso, wanda yake iya cinye sabon toho a dare ɗaya a watan Maris ko Afrilu, mai lambu ya ɗauka hunturu ne ya kashe tsiron. Tsakuwa mai kaifi tana ɗan rage su amma ba ta hana su. A riƙa fita da tocila bayan magariba a tsince su, a kuma kawar da allo ko tukunyar da suke ɓuya a ƙarƙashi da rana. Idan za a sa magani, a yi amfani da ƙwayoyin da aka yi da sinadarin ferric phosphate. Na metaldehyde an haramta amfani da su a fili a Birtaniya tun Afrilun 2022 saboda illarsu ga tsuntsaye da dabbobi.

Wani lokaci cutar tsatsa takan fito a bayan ganye, ɗigo-ɗigo ruwan lemo, ko kuma farar ƙura ta funfuna idan saiwa ta bushe iska kuma ba ta ratsawa. A yanke ganyen da ya kamu a zubar a shara, kada a sa cikin takin gida. Na cikin tukunya idan ya yanƙwane alhali ƙasar da danshi, a zare shi a duba, domin akwai fararen tsutsotsi masu lanƙwasa da ke cin saiwa. Sai a wanke saiwar a canza ƙasa baki ɗaya.

Yaɗa shi

Hanya mafi sauƙi ita ce rabawa, kuma ko ba a bukatar ƙarin dashe ya kamata a yi ta duk shekara biyu ko uku, tunda tsakiyarsa tana tsufa. A watan Afrilu, da zarar toho ya bayyana, a tono gefen da ya fi ƙarfi da ƙaramin shebur na hannu, a yayyaga shi da yatsu zuwa yankuna masu saiwa da toho kaɗan, a dasa kai tsaye ko a raine su wata guda a ƙananan tukwane a inuwa. Tsohuwar tsakiya a zubar, a sabunta ƙasar wurin. Zaɓaɓɓun nau'o'i, kamar 'Elizabeth Oliver' mai ninkakken fure, ta wannan hanya kawai ake samun irinsu sak. Akwai kuma mai farin fure, wanda yake da kyau idan aka bar shi ya cakuɗu da shuɗin.

Shuka iri tana ba da dashe mai yawa a kuɗi kaɗan. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, don haka a gauraya ta da ɗan busasshen yashi, a barbaɗa a saman jiƙaƙƙen haɗin ƙasa a watan Fabrairu ko Maris, kada a binne ta domin tana bukatar haske kafin ta tsira. A shayar da tukunyar ta ƙasa, wato a tsoma gindinta cikin ruwa, saboda ruwan da aka zuba ta sama yana kwashe irin. A yanayin ɗumi na digiri 15 zuwa 20 takan tsira cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan tsiron ya yi girman da za a iya kamawa, a ɗebe shi ƙungiya-ƙungiya a sa a ƙananan tukwane, ba sai an ware ɗai-ɗai ba. Ƙungiyoyin masu sha'awar tsirran duwatsu, irin su Alpine Garden Society da aka kafa a Ingila a 1929 da Scottish Rock Garden Club da aka kafa a 1933, suna musayar iri tsakanin mambobinsu kowace shekara, kuma nan ne ake samun nau'o'in da ba a gani a kasuwa.

A wajen saye a kula kada a rikita shi da 'yan uwansa. Campanula carpatica ya fi shi girma, furensa buɗaɗɗe ne yana kallon sama, kuma yana zama a dunƙule wuri ɗaya. Campanula poscharskyana kuwa mai furen tauraro yana da ƙarfin mamaya, bai dace da ƙaramin lambun duwatsu ba.

Shigar hunturu

Daga Oktoba ganyen zai ragu, wani lokaci ya ɓace kusan gaba ɗaya, don haka a kafa ɗan alama a wurin don kada a tone shi bisa kuskure. Sanyi ba ya kashe shi, yana jure digiri 20 ƙasa da sifili. Ruwan da ke kwanciya a wuyansa ne yake kashe shi. A tsince ganyen bishiya da ya faɗo a kansa, a ƙara tsakuwa inda ta zaizaye, kuma kada a lulluɓe shi da ciyawa ko takin ganye kamar yadda ake yi wa sauran furanni. A yankunan da hunturunsu ruwan sama ne maimakon dusar ƙanƙara, kamar yammacin Birtaniya, ana ɗora faifan gilashi a kan bulo a saman komin, a bar gefuna a buɗe iska tana ratsawa, ko a jawo tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya dukanta. A ƙarshen Fabrairu a cire gilashin, a duba ko ƙanƙara ta ɗago tsiron daga ƙasa a mayar da shi a danna, sannan a fara sintirin dodon koɗi tun kafin toho na farko ya fito.